Nazarin lamari: Yadda malamar firaktikal a wani asibitin mazaɓa a Jigawa ta koyi koyarwa

## Wurin da mutanen da abin ya shafa

Asibitin na matakin farko ne, a ɗaya daga cikin mazaɓu 287 na Jihar Jigawa, gefen fadama. Babban asibiti mafi kusa tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota idan hanya ta bushe. Ma'aikatan dindindin huɗu ne: incaj, wato shugabar asibitin, wadda ke da takardar CHEW (ma'aikacin lafiyar al'umma) kuma ta haura shekara 15 a aiki, sai wata mai takardar JCHEW, matakin da ke ƙasa da CHEW, sai mai rigakafi wanda shi ne kuma ke riƙe da ɗakin magani, sai mai yankan kati. Babu ungozoma mai takardar makaranta, don haka awo da karɓar haihuwa duk suna wuyan incaj. Tun 2014 da gwamnatin tarayya ta fito da tsarin raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, aka halatta wa CHEW da ta samu horo ta yi wasu ayyukan da a da sai nas ko ungozoma, ciki har da ba da allurar farko ta maganin jijjiga kafin a tura mace babban asibiti.

A kan wannan nauyi ne makarantun koyon aikin lafiya ke turo ɗalibai 'yan firaktikal, rukuni-rukuni, daga shida zuwa takwas, su yi makonni. Karatun CHEW shekara 3 ne, na JCHEW shekara 2, kuma kowane ɗalibi yana zuwa da logbuk da za a sa masa hannu a kan duk aikin da ya iya. Abin da ke iso wa incaj daga makaranta takarda ce mai ɗauke da sunaye da ranar farawa. Ba a taɓa koya mata koyarwa ba. Yadda aka koya mata haka take yi: ɗalibi ya tsaya a baya ya kalla, in layi ya yi tsawo a miƙa masa kayan aiki.

## Oktoba 2022: yadda matsalar ta fito

Bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a Jigawa a daminar 2022, ranar awo ta cika fiye da kima, domin wasu ƙananan asibitocin da ke kewaye ruwa ya tare hanyarsu. Aka bar wa ɗalibai awon jini, wato duba ko jinin mace ya hau. Wata mai cikin fari a wata na takwas ta zo da ciwon kai, ganinta yana dishi-dishi, fuska ta kumbura. Incaj ta auna da kanta ta samu 170/115. Ta yi mata allurar farko ta magnesium sulphate, wato maganin jijjiga, giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, aka nemo mota aka wuce da ita. Uwa da jariri sun rayu.

A katin matar an rubuta 120/80 har sau biyu, mako biyu tsakani, duka da hannun ɗalibai. Jini na iya hawa cikin 'yan kwanaki, don haka katin kaɗai bai tabbatar da laifin kowa ba. Rajistar awo ce ta tayar da hankali. A makonnin da ɗalibai suka riƙe na'urar, kusan kowane layi 110/70 ne ko 120/80, kowace lamba ta ƙare da sifiri, kuma babu mace ko ɗaya da ta kai 140/90, iyakar da ake fara cewa jini ya hau.

Incaj ta zaunar da ɗaliban bakwai, kowa ya auna nata jinin tana kallo. Huɗu sun ɗaura madaurin a kan hannun riga. A ɗakin awo ma haka suke yi, a kan riga da hijabi, saboda nauyin ce wa matar aure ta janye mayafi. Biyar sun saki iska da sauri har allurar na'urar ta zube kafin kunne ya kama bugun farko, alhali ana so ta riƙa sauka maki 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Babu wanda ya lalubi bugun jini a wuyan hannu don sanin inda zai tsaya da hura iska. Ɗaya ya amsa cewa ba ya jin komai a abin saurare, sai ya rubuta lambar da ya ga an saba rubutawa. Ita kanta na'urar allurarta ba ta komawa sifiri. Dukkansu bakwai an riga an sa musu hannu a logbuk cewa sun iya awon jini, kuma hannun incaj ne.

Matakin da ta fara ɗauka faɗa ne, sai ta hana ɗalibai taɓa na'urar. Rukunin ya ƙarasa makonninsa yana rubuta kati da shara. Awo da ake gamawa kafin azahar ya koma har bayan la'asar, wasu matan suna tashi su tafi ba a duba su ba.

## Janairu zuwa Afrilu 2023: bita

A Janairu 2023 aka gayyace ta bitar kwana uku a wani otal a birni, kan yadda ake koyar da ɗalibai a wurin aiki. Mahalarta sun haura 40. An yi bayani da majigi kan yadda babba ke koyo, da yadda ake gyara wa ɗalibi kuskure, an raba takardu, an biya alawus. Aka ce kowa in ya koma ya isar da bitar ga abokan aikinsa.

Abin da aka koyar ba shi da aibi. Amma cikin kwana ukun babu inda aka sa ta ta koyar da wani aiki ana kallonta. Da ta dawo kuma babu ɗalibai a ƙasa. Sai ƙarancin takardun naira ya shigo, sai zaɓen 25 ga Fabrairu, sai azumi daga 23 ga Maris. An isar da bitar a ƙarshen Afrilu, cikin rabin awa, aka sa hannu a takardar halarta aka ɗauki hoto. Da sabon rukuni ya iso, wata huɗu bayan bitar, koyarwa ta koma yadda take.

Abu biyu suka saura daga bitar: lambobin wayar mahalarta, da wata takarda guda mai matakai huɗu na koyar da aikin hannu, tsarin da likitan fiɗa Rodney Peyton ya bayyana a 1998. Malami ya yi aikin shiru da saurinsa na kullum. Ya sake yi a hankali yana faɗin kowane mataki. Ya sake yi, wannan karon ɗalibi ne ke gaya masa abin da zai yi. Sannan ɗalibi ya yi da hannunsa yana faɗa. Takardar ta zauna a aljihun tebur.

## Mayu zuwa Satumba 2023: zauren WhatsApp da masu sa ido

Masu shirya bitar sun buɗe zauren WhatsApp domin mahalarta su riƙa taimakon juna. A ciki har da manyan jami'ai. Makonni biyun farko an tura takardu, daga nan zaure ya zama na barka da Juma'a da ta'aziyya da tambayar ko albashi ya shiga. Babu wanda zai rubuta cewa ɗalibansa ba su iya awon jini ba a inda mai iko da canjin wurin aikinsa yake karantawa.

Masu sa ido daga ƙaramar hukuma suna zuwa da takardar tambayoyi. Kan ɗalibai tambaya biyu ce: suna zuwa aiki, kuma ana sa musu hannu a logbuk? Amsar duka biyun eh ce, kuma gaskiya ce. Bayan cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ziyarar ma ta ja baya.

## Nuwamba 2023: zaman mutum huɗu

Incaj ta kira wata da suka yi makaranta tare, wadda ke riƙe da asibitin mazaɓar da ke maƙwabtaka da su, ta gaya mata zancen rajista. Ita ma da ta buɗe tata, abin da ta gani ke nan. Suka jawo wasu biyu da ke karɓar ɗalibai a yankin: wata matashiyar ungozoma, da wani dattijo mai takardar CHO (jami'in lafiyar al'umma, sama da CHEW), wanda ya girme su duka a shekaru da muƙami.

Suka tsayar da zama sau ɗaya a wata, ranar Laraba, daga bayan azahar zuwa la'asar, domin ba ranar awo ko rigakafi ba ce a wurin kowa. Zaman yana zagayawa asibiti-asibiti. Kuɗin acaɓa karo-karo ne. Sharaɗin da suka fi ƙarfafawa shi ne abin da aka gani a zaman ba ya shiga rahoto, ba a kai shi ƙaramar hukuma ko makaranta.

Zaman farko bai yi kyau ba. Dattijon ya mayar da shi jarrabawa, ya yi ta jefa wa ungozomar tambayoyi a gaban ɗalibinta, ita kuma ba ta iya mayar masa da magana. Bayan an watse, incaj ta same shi shi kaɗai ta roƙe shi, a matsayinsa na babba, ya zama shi za a fara kalla a wata mai zuwa don sauran su koya. Ya karɓa a matsayin girmamawa. Da aka kalle shi yana koyar da ƙirga numfashin yaro, sai aka ga ya ƙirga na daƙiƙa 15 ya ninka huɗu, alhali ya gaya wa ɗalibin a cika minti guda. Shi da bakinsa ya fara faɗin hakan. Daga ranar sauran suka saki jiki.

Tsarin da suka zauna a kai bayan haka ga shi. Ana ɗaukar aiki ɗaya tak a kowane zama. Mai masauki ta koyar da ɗalibi na gaske, minti 10 zuwa 15, sauran uku suna gefe ba sa sa baki. Abin da suke lura da shi kaɗan ne: ta bi matakan huɗu ko ta tsallake, wa ya fi riƙe kayan aikin, sau nawa ta karɓe daga hannun ɗalibi, wace irin tambaya ta yi masa, kuma a gaban wa ta gyara masa. Sai a sallami ɗalibi. Mai masauki ce ke fara magana, bayan an tambaye ta: «Hajiya, me kika ga ya tafi daidai, me za ki canza?» Sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani da idonsa, ba ra'ayinsa kan halinta ba. Rabin awar ƙarshe su huɗun suke yin aikin a kan junansu. Sun sayo abin saurare mai kunnuwa biyu daga Kano, wanda mutum biyu ke jin bugu ɗaya a lokaci guda, kowa ya rubuta lambarsa a ɓoye sannan a kwatanta.

Abin da aka gani ranar da aka kalli incaj ya isa a tsaya a kansa. Hannunta ya ƙware har ta daina sanin matakan da take bi, kamar gwanar tuwo da aka ce ta faɗi yawan ruwan da take zubawa. Tana lalubar bugun jini a gwiwar hannu da yatsa kafin ta ɗora abin saurare, amma cikin daƙiƙa guda, ba ta taɓa ambatonsa ba, ɗalibai kuma ba su taɓa lura ba. Tambayarta ɗaya ce, «Kun gane?», amsar kuma kullum «Eh, Anti», domin ɗalibin da ya taso da kunyar manya ba zai ce wa babba bayaninta bai fita ba. Da ɗalibi ya ɗan yi jinkiri sai ta karɓe na'urar. Kuma tana gyara kuskure a gaban mara lafiya, wanda shi ya sa mata ke cewa su ba sa son ɗan koyo ya taɓa su.

## Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: abin da ya canza a asibitin

Ranar farko ta kowane rukuni ta zama ranar gwaji: awon jini, ƙirga numfashi, awon damtse da gwajin maleriya, kowa ya yi a gabanta, ba maki, don kawai a san inda za a fara. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa ana ware minti 15 ga aiki ɗaya, da matakan huɗu. Mataki na uku ne ya fi tona gurbi, inda ɗalibi ke ba da umarni malama na bi. In ya manta bai ce a jingina hannu daidai da ƙirji ba, sai ta bar hannun a rataye ta jira shi.

An rubuta ma'aunan a kwali an manna a bango, da Hausa, domin da Hausa ɗalibi zai yi wa uwa bayani. Mace ta zauna ta huta minti 5, ta jingina baya, madauri a kan fata, santimita 2 zuwa 3 sama da gwiwar hannu. Jini 140/90 a sake aunawa a kira incaj, 160/110 gaggawa ce. Numfashi a cika minti guda yaro na kwance lafiya ba ya kuka: ya yi sauri in ya kai 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. Awon damtse daga wata 6 zuwa 59, a tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. An sa labule a kusurwar awo, kuma ɗaliba mace ce ke roƙon a janye hannun riga.

«Kun gane?» ta koma «Nuna min.» Gyara a gaban mara lafiya ya koma alama: ta dafa kafaɗar ɗaliba ta ce «Bari in taya ki», ga namiji kuma ta ƙwanƙwasa tebur, bayani sai mara lafiya ta fita. Logbuk ya samu alamu uku da fensir a gefe: ya gani, ya yi da taimako, ya yi shi kaɗai. Sa hannu da biro sai ɗalibi ya yi shi kaɗai sau uku a gaban ma'aikaci. Abin da bai samu damar yi ba a rubuta hakan. Wannan ya fi shafar ɗalibai maza, waɗanda yawancin mata da mazajensu ba sa yarda su shiga ɗakin haihuwa, amma a da logbuk ɗinsu ke komawa makaranta cike da haihuwar da ba su gani ba.

Nan aka samu turjiya. Ɗalibai sun kai kuka makaranta cewa logbuk ɗinsu ba ya cika. Wani dattijo a garin ya zo neman alfarma wa ɗan ɗan'uwansa. Incaj ta amsa masa da ladabi: «Baba, ba ni kaɗai ba ce, ƙa'ida ce da asibitoci huɗu muka ɗaura, in na karya ta gobe za a gani.» Ta ƙara wa yaron safiya uku, ya yi aikin, ta sa hannu. Malamin da makaranta ta turo bin sawu ya zauna a zaman Fabrairu a matsayin baƙo, da izinin su huɗun, ya yarda a riƙa karɓar logbuk mai gurbi muddin an rubuta dalili.

## Maris zuwa Oktoba 2024: azumi da damina

Da azumi ya kama a Maris 2024 aka mayar da zaman safiyar Asabar. Damina ta fi wahala. Hanyar asibiti ɗaya ta yanke, kuma daga Yuli zuwa Oktoba rabon maganin kariyar maleriya ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 yana kwashe ma'aikata na kwanaki a kowane wata. Zama biyu ya faɗi. Sun gwada ɗaukar bidiyon hannu kawai, ba fuskar mara lafiya, amma sabis bai ɗauka ba. Saƙon murya a zauren su huɗu kaɗai shi ya yi aiki, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gagari ɗalibansa a makon. A nan aka gano ɗalibai a asibitoci uku suna karanta gwajin maleriya bayan lokacin da kamfani ya rubuta ya wuce, saboda suna jera gwaje-gwaje da yawa ba su rubuta lokaci a jikin kowanne ba. Maganin biro ne da agogon bango.

## Ƙarshen 2024: sakamako

Rajistar awo ta canza kama. Ana ganin 118/76 da 134/88, kuma a makonnin ɗalibai ana samun matan da suka kai 140/90, ana sake aunawa ana sa su a layin bibiya. An sauya tsohuwar na'urar. A rukunin ƙarshe na shekarar, ɗalibai takwas, biyu ne kawai a ranar farko lambarsu ta zo kusa da ta incaj da tazarar da ba ta wuce maki 4 ba a abin saurare mai kunnuwa biyu. A ranar sallama bakwai ne. Awo ya koma ƙarewa kafin azahar, domin daga mako na biyu ana iya sakar wa ɗalibai na'urar.

Farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba bai gyaru ba. Aikin yana buƙatar a fara hura iska da jakar numfashi cikin minti na farko, kusan sau 40 a minti, da marufin fuska mai girman da ya dace, kuma ba a koyonsa a kan jariri mai rai. 'Yar tsanar gwaji ɗaya ce a yankin, aro ake yi. Yawancin haihuwa kuma da dare take zuwa, ɗalibai sun koma masauki.

## Abin da ya sa wannan ya yi aiki, sauran ba su yi ba

Ilimin da aka yi amfani da shi duk daga bitar Janairu ya fito. Abin da ya rasa shi ne idon da zai kalli malama tana koyarwa, domin kurakuran da aka gano irin waɗanda mai yin su ba ya gani ne. Kuma idon sai ya zama na tsara. Mai sa ido daga ofis yana zuwa da ikon rubuta rahoto, don haka abin da aka shirya masa kawai zai gani. Zauren WhatsApp na farko da na biyu manhaja ɗaya ce, bambancinsu wanda ke ciki.

Ƙanƙantar abin ma ta taimaka: aiki ɗaya a zama, minti 15 a safiya, mutum huɗu da acaɓa ke iya haɗawa. Batun girma kuwa ba a kauce masa ba, an bi da shi ta hanyarsa, da aka sa babba ya fara miƙa wuya. Da ungozomar aka fara kallo tana koyarwa, da wuya a yi zama na uku. Ƙa'idar logbuk ta tsaya ne saboda ta mutum huɗu ce, ma'aikaciya ɗaya a garin da take zaune ba za ta iya ƙin alfarma ita kaɗai ba.

Raunin tsarin a bayyane yake. Koyarwa ba ta cikin jadawalin aikin kowannensu, babu alawus a kanta, ba ta ƙara wa kowa matsayi. Ya rataya ne a kan zumuncin mutum huɗu. A farkon 2025 aka yi wa ungozomar canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma. Wadda ta gaje ta ta halarci zama biyu tana kallo, amma har yanzu ba ta yarda a kalle ta ba, kuma ɗaliban asibitinta suna komawa makaranta da logbuk a cike.